Ƙaiƙayi da Saɓar Fata a Kan Nono: Dalilai da Abin da Ya Kamata Uwa Ta Yi

Takardar bayani domin iyaye mata masu ciki da masu shayarwa, da ungozomomi, da masu faɗakarwa na garuruwan gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji, jihar Maraɗi

Ke uwa mai shayarwa, idan kan nononki ko baƙin da ke kewaye da shi ya soma ƙaiƙayi, fatar wurin ta bushe tana saɓa, ki sani abu ne da ke samun mata da yawa, kuma mafi yawan dalilansa suna warkewa cikin kwanaki kaɗan in an gane su. A garuruwanmu ana kiran wannan larura ƙaiƙai, ana kuma cewa tana ɓata nono, tana sa yaro zawo da rama. Saboda wannan tsoro, wasu mata suna janye jariri daga nono, su koma ba shi ruwa, ko bauri, ko kunu, ko madarar akuya. A nan babban haɗarin yake. Ƙaiƙayin yana kan fata ne, shi kuwa ruwan nono ana yin sa can ciki, daga jinin uwa, ciwon fata ba ya gurɓata shi. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya bayyana cewa jaririn da ba ya shan nono ya fi wanda ake ba nono zalla haɗarin mutuwa har sau 14 a cikin watanni 6 na farkon rayuwa. Yawancin irin waɗannan yara zawo da ciwon huhu ke kashe su. Don haka matakin farko shi ne ki ci gaba da shayarwa, na biyu kuma ki nemi sanin abin da ya kawo ƙaiƙayin.

Yadda fatar wurin take

Fatar kan nono siririya ce, ta fi ta sauran jiki laushi da saurin jin abu. In kin duba baƙin da ke kewaye da kan nono za ki ga ƴan ƙananan ƙulle-ƙulle da suka ƙara fitowa tun kina da ciki. Ba ƙuraje ba ne. Su ne ke fitar da wani maiƙo da ke tausasa fatar, ya kare ta daga ƙwayoyin cuta, ƙamshinsa kuma ya ja hankalin jariri zuwa ga nono. Kada ki matse su. Duk abin da ya wanke wannan maiƙo, ko ya goge fatar, ko ya bar ta cikin laima tsawon yini, zai iya jawo ƙaiƙayi da saɓa. Mai ciki ma takan ji ɗan ƙaiƙayi yayin da nono ke cika fatar tana miƙewa, wannan kuwa yana wucewa da kansa.

Dalili na 1: bushewar fata

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da fata, kamar yadda take tsaga leɓe da dunduniya. In aka haɗa da sabulun wanki mai ƙarfi, da cuɗa da soso, da ruwan wankan jego mai tsananin zafi safe da yamma, maiƙon da ke kare kan nono sai ya ƙare. Alamar wannan ita ce nonuwa biyun duka suna yin fari-fari da kaushi, ƙaiƙayin yana ƙaruwa bayan wanka, babu ruwa ko mugunya.

Abin yi: ki wanke nono da ruwa mai tsabta kawai, sau ɗaya a yini lokacin wanka, ba tare da sabulu a kan nonon ba. Ba a buƙatar wanke nono kafin kowace shayarwa. Hannu ake wankewa da sabulu. A sirka ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi, kuma kada a fyaɗa ganyen wanka a kan nono. Bayan yaro ya gama sha, ki tatsi ɗigo biyu ko uku na nononki ki shafa a wurin, ki bari ya sha iska. Ɗan man kaɗanya tsantsa, marar turare, yana taimaka wa baƙin da ke kewaye, a goge shi da ƙyalle mai tsabta kafin yaro ya kama.

Dalili na 2: yaro bai kama nono daidai ba

Wannan shi ne dalilin da ya fi yawa a makonnin farko bayan haihuwa, musamman ga mai haihuwar fari. In jariri ya kama kan nono kaɗai yana tsotsa, harshensa da dasashinsa suna murza fatar har ta ƙuje, ta tsage, ta yi ɓawo. Lokacin da tsagar ke warkewa sai ta yi ƙaiƙayi tana saɓa. Alamarsa zafi ne mai tsanani da zarar yaro ya kama, kuma kan nonon yakan fito a matse ko a lanƙwashe bayan ya saki. Yaron da ya kama haka ba ya samun isasshen nono, yana daɗewa yana tsotsa, yana kuka, ba ya ƙara nauyi. Daga nan ne ake zargin nonon da rashin kyau, alhali riƙon ne ke buƙatar gyara.

Ki duba alamomi 4 na kamu mai kyau:

• bakin yaro a buɗe sosai, kamar mai hamma;
• leɓensa na ƙasa ya juyo waje;
• haɓarsa tana taɓa nono;
• baƙin nono ya fi bayyana a saman bakinsa fiye da ƙasa.

Ki riƙe shi cikinsa na fuskantar cikinki, kansa da jikinsa a miƙe kan layi ɗaya, ki tallafi dukan jikinsa, ki jira ya buɗe baki sosai sannan ki kawo shi ga nono. In za ki cire shi, ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, kada ki fizge. Da zarar riƙo ya gyaru, zafin yana raguwa nan take, tsagar kuma takan rufe cikin kwanaki kaɗan. Ungozoma ko ma'aikaciyar CSI za ta zauna da ke ta kalli yadda yaro ke sha, ta gyara miki.

Dalili na 3: abin da fata ba ta jituwa da shi

Wata fatar tana yin bori idan wani abu ya taɓa ta. A cikin abubuwan da suka fi jawo haka akwai turare da humra, da sabulu mai ƙamshi, da garin sabulun da bai fita daga tufafi ba, da rigar nono ta leda ko mai matsewa, da man zafi irin na mantoleta, da magungunan shafawa da ake talla a kasuwa. Lokacin kaka, ƙaiƙayin hatsi da ke tashi wajen sussuka da shiƙa yana shiga cikin zane ya manne a fata mai zufa. Akwai kuma matan da tun suna yara suke fama da bushewar fata da ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, sau da yawa a gidan da ake da asma. Irin waɗannan larurar takan taso musu a nono lokacin ciki ko goyo. Alamarta ƙaiƙayi ne mai tsanani, yawanci a nonuwa biyu, a kan baƙin da ke kewaye fiye da kan nonon kansa, fatar ta yi kauri ko ta riƙa tsattsafo da ruwa ta yi ɓawo.

Abin yi: ki tuna sabon abin da kika fara amfani da shi, ki bar shi. Ki ɗauraye tufafi da kyau, ki sa na auduga masu sakin jiki, ki canza zane bayan aikin hatsi. In bai lafa ba cikin mako ɗaya, ma'aikacin lafiya zai ba ki man shafawa mai sauƙi da za ki shafa kaɗan bayan shayarwa, ki goge kafin ta gaba. A kula da man canza launin fata. Da yawansu suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata su buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, wasu kuma suna da sinadarin makuri, wanda guba ne da ke iya isa ga jariri. Mai ciki da mai shayarwa su nisance su ɗungum.

Dalili na 4: ƙwayar kandida tsakanin bakin yaro da nonon uwa

Kandida ƙwayar cuta ce da ke son ɗumi da laima. Ita ce ke sa fararen tabo a harshe da cikin kumatun jariri, masu kama da guntun kindirmo, waɗanda ba sa goguwa da sauƙi. Tana yawan kama yaran da tamowa ta raunana da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, haka ma uwa mai ciwon suga. Daga bakin yaro takan koma nonon uwa, daga nono ta dawo baki. Zafin bazara da zufar damina suna ƙara mata ƙarfi, har ta kama ƙarƙashin nono inda fata ke haɗuwa. Alamarta ita ce raɗaɗi kamar ƙuna da ke ci gaba bayan yaro ya saki, alhali a da shayarwar ba ta yi miki zafi. Fatar tana sheƙi, ko ta yi haske fiye da yadda take, tana saɓa siriri. Yaron kan ƙi nono ko ya yi ta saki yana kuka, wani lokaci da jan ƙuraje a ɗuwawunsa.

Abin yi: a yi wa uwa da yaro magani tare, domin in aka yi wa ɗaya kaɗai cutar za ta dawo. A gidan likita ana ba da nistatin ko makamancinsa, na bakin yaro da na nonon uwa. Ki cika kwanakin da aka ce ko da kin ji sauƙi. Ki bar nono ya sha iska, ki wanke zanen goyo da ƙyallaye ki shanya su a rana. A wannan larura kada ki shafa ruwan nono a wurin. Kwalbar shayarwa da robar tsotso suna ɓoye ƙwayar, a rabu da su; in dole a ba yaro tatsattsen nono, a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta.

Dalili na 5: ƙazuwa

Ƙazuwa wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai. Yana yaɗuwa ta haɗuwar jiki da kwana a shimfiɗa ɗaya. A jikin mace yana son tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da hammata, da kewayen kan nono; a jikin jariri har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Babbar alamarta ƙaiƙayin dare da ke hana barci, kuma za ki tarar wasu a gidan suna susa. Wanda ya kamu karon farko yakan yi makonni 4 zuwa 6 kafin ƙaiƙayin ya bayyana, yana kuwa yaɗa ta tun lokacin. Cunkoso da ƙarancin ruwa ne ke ba ta dama, shi ya sa ake ƙara sa ido a inda jama'a suka taru, kamar garuruwan gundumar Gidan Runji da suka karɓi ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun shekarar 2019. Ƙazuwa ba abin kunya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su tun 2017.

Abin yi: a yi wa dukan mutanen ɗaki magani a rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba. Ki gaya wa ma'aikacin lafiya kina da ciki ko kina shayarwa, da watannin jaririnki, domin ya zaɓi maganin da ya dace. A wanke maganin daga kan nono kafin yaro ya sha, a sake shafawa bayan ya gama. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda na mako ɗaya, ƙwaron ba ya rayuwa fiye da kwanaki kaɗan in ba ya jikin mutum. Ƙaiƙayin zai iya ci gaba makonni 2 zuwa 4 bayan magani, wannan ba ya nufin maganin bai yi aiki ba.

Dalili na 6: ciwon da ba a jinkiri da shi

Akwai wani nau'in sankarar mama da ke fara bayyana kamar ciwon fata. Wani likitan fiɗa na birnin Landan a Ingila, James Paget, ya bayyana shi a shekarar 1874 bayan ya lura da mata 15 da suka yi ta fama da ɓawo a kan nono, daga baya sankara ta fito musu, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Ba shi da yawa: a cikin mata 100 masu sankarar mama, 1 zuwa 4 ne ke da irinsa, kuma ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50, ko da yake yakan samu masu ƙarancin shekaru, har da maza jefi-jefi. Bambancinsa da sauran shi ne yana kama nono ɗaya, yana farawa daga kan nonon kansa ya bazu zuwa baƙin da ke kewaye, yana iya lafawa da man shafawa sannan ya dawo. Kan nonon kan lotsa ciki ko ya cinye, ya riƙa fitar da jini ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, wani lokaci da ƙullutu a cikin nono ko kaluluwa a hammata.

Wannan saƙo ya shafi iyayenmu da kakanninmu da suka bar haihuwa. Inna, in kan nononki ɗaya ya yi ɓawo ko miki fiye da makonni 3 bai warke ba, ki je a duba, ko da babu zafi. Daga CSI za a tura ki asibitin gunduma ko manyan asibitocin Maraɗi, inda ake ɗibar ɗan guntun fata a auna. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin sankara da na'ura a 2021. Sankarar da aka gano da wuri tana jin magani. Wadda aka ɓoye ana ta shafe-shafe da tsaga har ta fashe ita ce ke gagara.

Abubuwan da za a guje wa

• Kada a shafa toka, kanwa, barkono, maɗaci, man goge haƙori ko man zafi a kan nono, ko don magani ko don yaye. Suna ƙona fata, kuma yaro yana haɗiye su.
• Kada a yi tsaga ko sakiya ko ƙaho a nono.
• Kada a gwada nono da tururuwa ko da ƙarfe mai zafi a yanke hukunci cewa ya ɓaci. Launin nono da kaurinsa suna canzawa daga farkon sha zuwa ƙarshe, da daga mako zuwa mako, duk lafiya ne.
• Kada a zubar da dakashi. Wannan nonon farko mai kauri shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.
• Kada a ba jaririn da bai kai wata 6 ba ruwa, ko da a tsakiyar bazara. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne.
• Kada a yi susa da farce. Ki yanke farce, ki ɗora ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi.

Lokacin da za ki je likita a ranar

• nono ya kumbura, ya yi tauri da zafi, da masassara ko rawar sanyi;
• mugunya ko jini na fita, ko ɓawo mai launin zuma ya rufe wurin;
• ƙananan ƙuraje masu ruwa, a cure wuri ɗaya, masu raɗaɗi, sun fito a kan nono. A wannan hali ki dakatar da ba yaro wannan nonon, ki rufe shi, ki ci gaba da ɗayan har a duba ki, domin irin wannan ƙwaya tana da haɗari ga jariri sabon haihuwa;
• kina ɗauke da ƙwayar cutar sida kuma kan nono ya tsage ko yana jini; ki ci gaba da shan maganinki, ki shayar da lafiyayyen nonon, ki tatse mai ciwon;
• yaro ya ƙi nono, ko yana fitsari ƙasa da sau 6 a yini da dare, ko yana zawo, ko ya yi laushi.

In nono ya kumbura, barin shayarwa yana ƙara cunkushe shi har ya zama maruru. Ki ci gaba da ba yaro. In zafi ya hana, ki tatse da hannu cikin kofi mai tsabta ki ba shi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a gidajen likita na gwamnati. Ki tafi da katin awonki da na yaro. Yaron da ya kai wata 6 za a auna damtsensa: in ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, za a karɓe shi a CRENAS, in kuma yana da wata rashin lafiya ko ya ƙi cin abinci a kwantar da shi a CRENI. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuma ya rame, ana kula da shi tare da uwarsa har nono ya dawo. Ko kin yi kwanaki ko makonni da janye yaro, yawan sa shi a nono, dare da rana, yana dawo da ruwan.

Cimakar uwa

Fatar da ba ta samun abinci mai gina jiki tana jinkirin warkewa. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kusan kwano ɗaya a kan abin da ta saba ci a yini. Ban da tuwo da fura, a haɗa mata da wake, gujiya ko ƙuli-ƙuli, riɗi, zogale, kuka, yakuwa, nono, da ƙwai ko kifi ko nama in hali ya yi, ta kuma sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi. Ko a watannin damina da rumbu ya yi ƙasa, nonon uwar da ta rame yana nan da amfaninsa ga yaro. A ciyar da uwa, ita kuma ta shayar da ɗanta.

Zuwa ga mai gida da uwar miji

Malam, mace takan ɓoye ciwon nono saboda kunya, ko don tana jiran izini da kuɗin mota. In ka ga iyalinka tana cije leɓe lokacin shayarwa, ko an fara ba jariri wani abu ban da nono, ka tambaya, ka ba ta izinin zuwa likita a ranar, ka raka ta in da hali. Tana da damar neman mace ta duba ta. Inna, maganarki ake ji a ɗakin mai jego. Ke kika san yawan yaran da aka rasa bayan an ce nonon uwarsu ya ɓaci aka janye su. Ki rage mata aikin daka da ɗibar ruwa, ki tabbata ta ci ta ƙoshi, ki hana a shafa mata abin da ba a san shi ba.

Mai faɗakarwa na garinku da ƙungiyar mata masu tallafa wa shayarwa suna nan don amsa tambayoyinku. Nono zalla har wata 6, sannan nono tare da abinci mai gina jiki har shekara 2 ko fiye. Ƙaiƙayin da ya wuce mako ɗaya duk da kulawar gida, a kai shi CSI mafi kusa. Ɓawon da ya tsaya a nono ɗaya, a kai shi ba tare da jira ba.